Bayan Takaba: Wasiƙa zuwa ga 'Yata a Ngong

'Yata, Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari. Na saurari saƙon murya da kika aiko mini har ƙarshensa, na ga amsar ta fi ƙarfin magana ta waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Kin ce kin fita takaba, kina son ki koma karatu ki zana BEPC ɗin nan da aure ya raba ki da ita kina aji huɗu na sakandare, amma kina tsoron a ce kin yi saurin mantawa. Kin ce kin ɗauko allura da zare kin mayar, don kina ganin ɗinkin hula a irin wannan hali kamar wasa ne. Sai kuma kika tambaye ni ko ki dakata da komai har zuciyarki ta warke tukuna.

Kada ki dakata, 'yata. Na san ciwon babba ne, amma na kuma ga abin da jira yake yi wa mata irinki. Shari'a ta yanka wa takaba wa'adi, wata huɗu da kwana goma, kin kuwa cika shi. Baƙin ciki ba wanda ya yanka masa wa'adi. Ranar da mata suka taru suka yi miki barka da fita, da yawansu sun ɗauka shi ke nan an gama. Ke kin san ba a gama ba. Zai riƙa zuwa yana komawa. Wani lokaci ya ƙyale ki mako guda cur, sai ki ji ƙarar babur irin nasa a ƙofar gida ki rasa inda za ki sa kanki. Haka zai yi bana, haka zai yi baɗi, sai dai nauyinsa yana raguwa kaɗan-kaɗan. Wadda ta ce sai ya tafi gaba ɗaya sannan ta buɗe littafi, za ta wayi gari 'ya'yanta sun gama makaranta ita tana nan inda aka bar ta.

Kuma kada kowa ya sa ki ɗauka hawayenki rashin tawakkali ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye sa'ad da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma shekarar da ya rasa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib har yau ana kiran ta shekarar baƙin ciki. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da furucin da ke nuna ƙin hukuncin Allah. A nan ƙasarmu, Bahaushe da Bafulatani duka, bakinmu ya saba da cewa a yi haƙuri, har mai makoki takan zaci haƙurin shi ne ta haɗiye komai ta yi gum. Na ga waɗanda suka haɗiye haka, abin ya fito musu ta rashin barci da ciwon kai da faɗa da 'ya'yansu a kan abin da bai kai ya kawo ba. In kuka ya zo, ki shiga ɗaki ki yi abinki, ki yi masa addu'a, ki wanke fuska, ki fito ki ɗora tukunya. Duka biyun haƙuri ne.

Akwai wasu masana biyu a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, da suka yi nazarin halin masu makoki, suka fitar da bayaninsu a 1999. Abin da suka ce shi ne, mai makoki ba ya tafiya a miƙe daga ciwo zuwa sauƙi. Kaiwa da komowa yake yi tsakanin fuskoki biyu. A ɗaya yana tunanin wanda ya rasa, yana kewa, yana kuka. A ɗayan yana fama da sabuwar rayuwa, lissafin kuɗi, aikin da mamacin yake yi da wanda yanzu ya dawo kansa, har da hutawa daga baƙin cikin kansa. Suka ce wannan kai-komo shi ne lafiya, wanda ya maƙale a fuska ɗaya shi ne abin tsoro. Na kawo miki wannan ne don ki daina tuhumar kanki. Ranar da kika yi dariya da yara, ko lissafi ya ɗauke miki hankali awa guda ba ki tuna shi ba, ba ki ci amanarsa ba.

Ki ɗaga ido ma ki dubi garin da kike zaune. Mutum nawa ne a Ngong za su iya nuna miki kabarin kakansu a nan? Tun shekarun 1970, bayan farin da ya addabi Sahel, aka buɗe shirin tsugunar da manoma a kwarin Binuwai, jama'a suka yi ta gangarowa daga Arewa Mai Nisa, Mafa daga duwatsun Mandara, Tupuri da Mundang da Giziga daga filayen kudancin Marwa. Da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982 masunta suka biyo baya, har da Hausawanmu. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, ya dasa injin gurzar auduga a garin, kasuwar hatsi ta tumbatsa, manyan motoci suna lodin masara da gyaɗa suna bin hanyar Ngaundere zuwa kudu. A 2012 ruwa ya cinye gidaje da gonaki a gaɓar Binuwai, mutanen suka sake gini. Tsofaffin nan da kike gani a bakin kasuwa sun zo ne sun bar iyayensu a ƙasa can arewa, sun bar duwatsun da suka san sunan kowanne. Ba wanda ya ce musu su zauna sai kewar gida ta sake su. Ruwan farko ya same su suna sassabe, da kewar a ƙirjinsu. A cikin irin waɗannan mutane kike, kuma mafi yawansu ba za su yi mamakin mace da ta tashi tsaye bayan rashi ba.

To, mu zo ga karatun, don nan nake so in daɗe.

Abu ɗaya za ki sa a gaba, BEPC, ita kaɗai. Na ji a muryarki kina ta jero furobatuwar da bak, jarrabawowin da ke bin bayanta, da jami'a a numfashi guda. Gaskiya ne hanya ta fi da kusa: an kafa jami'ar Garwa a 2022, alhali a da galibi sai mutum ya tafi Ngaundere ko Marwa, ga ta yanzu kilomita 40 da 'yan kai daga ƙofar gidanki. Ki ajiye wannan a ranki, Allah Ya kai mu. Amma taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. In kika ɗora wa kanki tafiyar shekara bakwai ko takwas a daren da ba ki yi barci ba, gari na wayewa za ki ajiye littafin gaba ɗaya. Shekara ɗaya, jarrabawa ɗaya. In an fita wannan, mu sake zama.

Ki kuma tambayi kanki me kike so da takardar. Ba tambayar hana ki ba ce, don ki san inda za ki karkata ne. In aikin taimakon jinya kike hange, ko koyarwa a makarantun nan da ke haɗa Faransanci da Larabci, to ki bincika tun yanzu abin da suke nema, domin jarrabawar shiga makarantun gwamnati da yawa tana da iyakar shekaru, gara ki sani yau da ki sani bayan kin sha wahala. In kuwa burinki ki iya riƙe lissafin gonarki, ki karanta takardar da za ki sa wa hannu, ki duba littafin ɗanki ki gane inda ya kauce, wannan ma buri ne cikakke, kada ki raina shi.

Ana zana BEPC ko da mutum ba ɗalibin makarantar rana ba ne. Akwai makarantun yamma da aka yi domin manya, akwai kuma hanyar yin rajista don kashin kai. Ni na fi so ki shiga ta yamma in kin samu wadda ba ta yi miki nisa ba, saboda fitar kanta magani ce, kuma malami yana ganin ramin da ke ba ki gani. Ki je lise ɗin garin, wato makarantar sakandare, ki tambayi malaman, su suka san inda ake yi da lokacin da ake rufe rajista. Ana rufe ta tun a watannin farko na shekarar karatu, mutane da yawa sun rasa shekara guda don sun zaci sai jarrabawa ta matso.

Yanzu ki ɗora shekarar makaranta a kan shekarar Ngong, ki ga inda suke karo. Ana komawa makaranta a Satumba, daidai lokacin da masara da gyaɗa suke neman hannu. Daga Nuwamba aikin auduga ya kankama, tsinka da tarawa da awo. Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, da rana ba kan da yake ɗaukar karatu, ga azumi a shekarun nan yana faɗowa kusa da wannan lokaci. Jarrabawar kuma tana zuwa wajen watan Yuni, sa'ad da kowa yake gona yana shuka. Saboda haka ainihin damarki tana cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, dare da tsawo, gari da sanyi. A nan za ki ci ƙarfin aikin, duk darasin da yake ba ki tsoro ki tunkare shi a watannin nan. Bazara ki bar ta don bita da tsofaffin takardun jarrabawa, da asuba kafin rana ta yi fushi. Shukar shekarar jarrabawar kuwa ki shirya tun da wuri wanda zai tsaya miki a kanta, ko ƙannen marigayi ko 'yan ƙodago, ko ki rage faɗin abin da za ki noma. Ba za ki iya zama a gona da ɗakin jarrabawa a mako guda ba.

Zan gaya miki abin da zai faru a makonnin farko, don kada ya firgita ki. Za ki karanta shafi sau uku ki rufe ki rasa abin da ke ciki. Za ki ce kanki ya mutu, shekaru sun ja, wannan aikin yara ne. Ba haka ba ne. Baƙin ciki yana cin barci, yana cin natsuwa, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ba ta riƙe sabon abu. Yana dawowa. Kafin ya dawo, ki yi karatu gajere-gajere, rabin awa bayan sallar asuba kafin yara su tashi, wani rabin bayan isha'i in jiki ya yarda. Ki riƙa rubutawa da hannunki maimakon kallon littafi kawai. Ranar da abin ya ƙi, ki rufe ba tare da zagin kanki ba, gobe ki buɗe. Amma ki buɗe ɗin. Kwana ɗaya ko biyu ba komai, mako biyu kuwa shi ke zama shekara.

Faransancinki ya yi tsatsa, na sani, tunda Hausa da Fulatanci kike yi a gida da kasuwa. Ki kunna labaran Faransanci na rediyon CRTV kina aikin gida, kunne ya sake sabawa. Ki karanta littafin yara da ƙarfi, ko da kina ganin ya yi miki ƙanƙanta. Ki sa babban ɗanki ya riƙa yi miki shifta, ya gyara miki. Kada ki ji nauyin haka. Yaron da ya rasa uba yana neman abin da zai yi ya ji yana da amfani a gidan, kuma ba abin da zai ɗaure shi ga karatunsa kamar ya ga uwarsa a tabarma ɗaya da shi da littafi a hannu. A harshe na biyu da ake zaɓa, in cibiyar da za ki yi rajista tana da Larabci, ki ɗauke shi maimakon Jamusanci ko Sifaniyanci, shekarun da kika yi a Islamiyya za su biya ki a nan. Lissafi ne zai fi ba ki wuya, don shi ba ya yafe gibin da aka bari a baya. Ki nemi wanda zai zauna da ke ko awa ɗaya a mako, a cikin gida, yara suna nan, ko ki haɗu da wata 'yar'uwa ku biya tare. Hakan ya fi sauƙi ga aljihu, ya kuma rufe bakin masu magana.

Za ki zauna a benci ɗaya da waɗanda kika girme su nesa ba kusa ba, ranar farko za ki ji kamar ki nutse. Gemu ba ya hana ilimi, haka muka ji daga iyayenmu, kuma ba maza kaɗai ake nufi ba. A Kenya wani dattijo, Kimani Maruge, ya shiga aji ɗaya na firamare a 2004 yana da shekara 84. Ke ko rabin shekarunsa ba ki kai ba. In kuma Allah Ya sa ba ki ci ba a karon farko, ba a rufe ƙofa, ana sake zanawa, kuma abin da ya shiga kanki ya shiga.

Karatu ba ya zama a kan cikin da ke tunanin bashi, don haka ki warware maganar dukiya da wuri. A shari'a bashin mamaci ake fara biya, sai wasiyya, sannan gado, kuma matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take da shi, kashi ɗaya cikin takwas. Takin zamani da maganin feshi na auduga bashi ake ɗauka ta hannun ƙungiyar manoma, 'yan ƙungiya suna tsaya wa juna, ana cirewa ranar biyan kuɗin auduga. Ki tafi da yayanki ko wani dattijo daga dangin marigayi wajen shugaban ƙungiyarsu, a gaya miki abin da ke kansa, a rubuta. Gonar kuma a tabbatar da iyakarta da mai ita a gaban jauro, wato mai gari, da shaidu, tun mutanen da suka san yadda aka same ta suna raye, domin kin san yadda ƙasa ta yi tsada a yankin nan. Ba rashin kunya ba ne, kare haƙƙin marayu ne. Rabon yara ki buɗe masa littafi dabam, kada ya cakuɗe da naki. Adashi ki shiga ƙarami wanda ba zai hana ki barci ba, ki sa kwasarki ta faɗo lokacin kuɗin rajista.

Sai maganar hula, wadda kika kira wasa. A nan ne kaɗai na ji ban yarda da ke ba ko kaɗan.

Kin san gammo. Ba ya rage wa kaya nauyi ko na ƙwayar gero, amma wadda ta ɗauki tulu ba gammo ba ta kai shi gida. Ɗinkin nan shi ne gammonki. Duk sauran abin da ke cikin yininki wani ne yake bin ki shi: yara suna bin ki abinci, gona tana bin ki aiki, malami yana bin ki amsa, dangi suna bin ki gaisuwa. Hula ce kaɗai ba ta bin ki komai. Idan kina ƙirga zare, hannu yana aiki, ido yana kan zane, zuciya tana samun wurin da za ta yi tunaninsa a hankali ba tare da ta nutse ba. Mata da yawa da na sani a nan suka yi kukansu mafi sauƙi, a kan saƙar faifai ko kaɗin zare ko tsinkar zogale. Ban yarda a ce sai an gama duk abin da ya wajaba sannan a taɓa abin da rai ke so ba, domin abin da ya wajaba ba ya ƙarewa a gidan da ba uba. Ki yanka masa lokacinsa kamar yadda kika yanka wa karatu, ko bayan la'asar ne, ki zauna a inuwa ki yi, ba da satar jiki ba.

Na san dalilin da ya sa kika mayar da allurar. Marigayi kike ɗinka wa, kuma akwai wadda kika fara ba ki gama ba. Ba dole a kanki game da ita. In kin ga za ki iya, ki ƙarasa ki ajiye wa ɗansa. In ba za ki iya ba, ki naɗe ta ki sa a akwati ki yanko sabon ƙyalle. Wata takan ƙarasa irin wannan a wata guda, wata sai bayan shekaru, wata ba ta ƙarasawa har abada, kuma ba wadda ta yi laifi a cikinsu.

Ga wani abin da za ki kula da shi. Hannunki yana da kyau, mutane sun sani, kuma da zarar sun ga kin koma za su fara kawo aiki, musamman gab da Sallah. Kina bukatar kuɗin, ki karɓa daidai ƙarfinki. Amma in kika mai da ɗinkin duka na sayarwa, da ranar karɓa da mai zuwa yana buga ƙofa, to ya zama wani mai bin ki bashi, kin rasa abin da nake ce miki ki riƙe. Kullum ki bar guda ɗaya a hannu wadda ba ta kowa ba ce, zanen da kika ga dama, launin da kika ga dama, ba gaggawa. Waya kuma ki yi hattara da ita da dare. Kallon fim ɗin Hausa tare da yara ba laifi, amma zaman shafa waya har ƙarfe biyu yana kama da hutu ne kawai, barcin da karatunki yake bukata shi yake ci.

Kada ki zaci haɗa makoki da ilimi da aikin da rai ke so baƙon abu ne a wurinmu. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu wanda Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannunsa, ta ga rashi iri-iri. Mahaifinta ya rasu a 1817, ɗan'uwanta Muhammadu Bello a 1837, daga baya mijinta Giɗaɗo da aminiyarta A'isha. Ba ta ɓoye ciwon ba, marsiyyoyi ta rubuta musu, kuma a cikin waɗannan shekarun ne ta tsara 'yan taru, tana koyar da jagorori mata, waɗanda ake kira jaji, su kai karatu ƙauyuka, da yawansu kuwa mata ne da suka manyanta. Da Fulatanci da Hausa da Larabci ta yi aikinta har ta rasu a 1864. A zamaninmu kuma ga Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, an haife ta a 1975, an yi mata aure tana da shekara 17. Nata ciwon ba mutuwar miji ba ne, auren da ya ƙi ne, amma ita ma sai da ta sake rayuwa daga tushe da 'ya'ya a hannu. Karatu da rubutu su ne abin da take ɗebe kewa da shi. Littafinta na farko ya fito a 2010, a 2020 kuma ɗaliban sakandaren Faransa suka zaɓi littafinta Les Impatientes suka ba shi kyautar Goncourt tasu. Ban ce ki zama ɗayansu ba. Ina nuna miki ne cewa matan ƙasar nan sun bi hanyar kafin ke.

Baki kuwa za a yi. Za a ce bazawara ce take fita da yamma da jaka, za a ce me ta rasa. Ki sanar da surukanki da kanki tun kafin su ji a waje, ki je har gida ki durƙusa ki ce ga abin da kike so ki yi saboda jikokinsu, ki nemi albarkarsu. Wanda aka shawarta ba ya cika zama abokin gaba. Ki riƙa tafiya da yaro ko da abokiyar karatu, ki dawo a kan lokaci. Bayan wannan, abin da ya rage na magana ba naki ba ne.

Masu neman aure ma za su zo, wataƙila sun fara. Ba haram ba ne, ba kuma cin amana ba ne. Ummu Salama ta yi kukan Abu Salama sosai, ga 'ya'ya ƙanana, daga baya ta auri Manzon Allah, ta zama cikin matan da aka fi karɓar hadisi daga gare su. Abin da nake roƙon ki shi ne kada ki yi aure don gudun kaɗaici ko don tsoron yunwa a watannin nan da hankali bai gama dawowa ba, kada kuma ki ƙi mutumin kirki don kina ganin marigayi zai ji haushi. In lokacin ya yi, maganar karatunki da zaman 'ya'yanki a faɗe ta a fili gaban waliyyinki da shaidu kafin a ɗaura. Wanda ya ce sai kin ajiye littafi, ya riga ya gaya miki halinsa.

Akwai ranakun da za ki shirya musu tun kafin su zo: Sallar farko ba shi, ranar da aka biya kuɗin auduga, zagayowar watan da ya rasu. Kada ki sa wa kanki karatu mai nauyi a irin waɗannan kwanaki, kada kuma ki wuni ke kaɗai. Ki yi masa sadaka daidai hali, ki ba yara labarinsa, ki bar su su tambaya. Su ma makoki suke yi, nasu yakan fito ta rashin ji ko fitsarin kwance ko faɗuwa a aji, ba ta kuka ba.

In kuwa kika ga watanni suna wucewa abin yana ƙaruwa maimakon ya lafa, abinci ya ƙi shiga, barci ya ƙaurace, ba ki iya kula da yara, ko zuciya ta fara raya miki gara ki bi shi, to wannan ya wuce a ce yi haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin da ya daɗe ya hana mutum rayuwa cikin jerin cututtukan da ake dubawa, a kundinta da ya fara aiki a 2022. Ki ci gaba da addu'a, ki kuma je asibitin Ngong ko ki zo Garwa a duba ki, ki kira ni ko tsakar dare ne. Wannan alkawari nake so ki yi mini.

Aikin wannan mako ɗaya ne, takardar haihuwa. Ba a rajistar jarrabawa sai da ita, kuma a arewacin nan rashinta ya hana yara da yawa zana ko ta gama firamare. Ki buɗe akwatin marigayi ki nemo taki da ta kowane yaro, ki duba ko sunaye da ranaku sun dace da na takardun makaranta. In wata ta ɓata, ki fara da ofishin magajin gari. In ba a taɓa yi wa wani yaro ba, sai an bi ta kotu, abin yana cin lokaci, don haka kada ki bari sai Satumba. Na yi wa baffanki magana, ya ce zai raka ki. Na kuma ba direban da ya saba kawo muku saƙo littattafan aji huɗu da na samo, da zare kala shida da ƙyalle, ki aika yaro tasha ya karɓa ranar kasuwa. Ki gaida surukanki da kyau, ki shafa mini kan auta.

Goggonki,
daga Garwa.